Hoton Dada da Ɗan Farinta

Safiya, da ke da ƙanenki Nura nake. Tun da na ajiye alli na zauna gida kuke damuna in rubuta muku tarihin gidanmu, na kuwa rubuta abin da ya sawwaƙa: tasowata a Morai, zuwana Mafara, aurena da mahaifinku. Wannan babin ne na yi ta ɗagawa, yau ciwon ido, gobe baƙi. Abin da ya zaunar da ni a kansa shi ne maganar da na ji kin yi wa 'yarki ranar sunan ɗan Nura, kina cewa kakarku Dada mace ce mai busasshiyar zuciya, ɗanta ya mutu ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, kuma ta gwammace ta mutu a ƙauye cikin kajinta da ta zauna da jikokinta. Na haɗiye maganar saboda gida cike yake da mutane, amma ta tsaya mini a wuya. Ba haka aka yi ba, kuma ni kaɗai na rage a duniya da na san yadda aka yi.

Mahaifinku ɗan fari ne, wannan kun sani, sai dai ba ku san nauyin abin ba, domin ku kun taso a zamanin da uwa ke rungume ɗan farinta a gaban jama'a ta kira sunansa gatsal. Dada Bafulatana ce ta zaune, a wani ɗan ƙauye kusa da Gidan Goga, kuma kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Tun yaye aka miƙa shi ga kakarsa. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda yake zaune. In za ta ambace shi sai ta ce “wancan”, da ya kama aiki kuma ya koma “mutumin Mafara”. Shi ma haka ya taso, daga nesa yake durƙusa ya gaishe ta, kansa a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon katangar kara. Ni ma na so in yi miki haka, Safiya, na kasa, bakina ba ya riƙe suna.

Shekarar da nake nufi ita ce shekarar da ya sauke farali. Ya dawo da haƙorin Makka da tari mai tsanani da tsaraba irin ta kowa, dabino da zamzam da bagaruwa da tasbaha da kwalli. Da 'yan barka suka ragu, sai ya kira ni tsakar gida, ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da wani ɗan abu mai launin azurfa, bai kai sabulun wanka kauri ba, da 'yar igiya a gefe. Na ɗauka abin leƙen nan ne da alhazai ke kawo wa yara, mai hoton Ka'aba da raƙuma a ciki.

“Alhaji, wanga na Nura na ko na Safiya?”

“Nawa na. Tsaya nan, kak ki motsa.”

Ya danna wani wuri, abin ya yi ɗan kuka siriri, hancinsa ya turo waje. Haske ya walƙa mini a ido. Kafin in gama salati ya juyo mini da bayansa, sai ga ni a cikin ɗan gilashi, baki buɗe, ɗankwali a karkace, ludayi a hannu.

“Kin gani? Kyamara ta. Babu fim, babu zuwa wurin mai wanki, babu jira.”

“To in mutum bai yi kyau ba hwa? Dubi yadda kab bar ni.”

“Sai a goge.”

Ya nuna mini wani ɗan maɓalli mai zanen kwandon shara. Ya danna, abin ya yi masa tambaya da Turanci ko ya tabbata, ya sake dannawa. Gilashin ya yi baƙi.

“Ina nit tahi?”

“Babu ke,” in ji shi, yana dariya har tarinsa ya tashi.

Na taya shi dariya, amma a raina abin bai kwanta mini ba. Hoton da na sani shi ne na mai shago a bakin kasuwa, wanda za ka yi wanka ka shafa mai ka je ka tsaya gaban labule mai zanen jirgin sama, ka koma gida ka yi ta jira. In ma hoton ya yage ko gara ta ci, baƙin fim ɗin yana nan a akwatin mai shago, sai ya wanko maka wani. Wannan kuwa yana nuna ka nan take, yana kuma mantawa da kai nan take. Na faɗa wa mahaifinku haka, ya ce ni dai ba a kawo sabon abu ban samo masa aibi ba, ko firiji da aka kawo sai da na ce yana kashe ɗanɗanon ruwa. Gaskiyarsa ne, na faɗa.

Aibi kuwa yana da shi. Batirinsa ba ya jimiri, kullum yana shagon mai janareta ana caji. In hannunka ya ɗan girgiza sai mutum ya fito kamar an shafa shi da tsumma, in kuma ɗaki da duhu idon kowa ya fito jawur. Duk wannan bai dami mahaifinku ba. Malamin dabbobi ne, yana yawon rigakafi tun daga ƙauyukan Bakura har cikin ƙasar Maradun, ya ce daga yau in ya ga saniya mai ciwon da ya shige masa duhu, ɗaukarta zai yi ya kai wa likitan ofis ya gani da idonsa, an daina kwatance da baki. Ya ɗauke ku kuna cin tuwo, ya ɗauki tunkiyata, ya ɗauki shinkafar fadama, har tukunyar miya bai bari ba. Ba ya ba kowa ta. Ni kaɗai ya koya wa inda ake dannawa, shi ma don na matsa masa ne.

Da ya huta muka hau babur muka tafi kai wa Dada tsarabarta. Mun iske gidan a cike, domin labari ya riga mu. Matan maƙwabta suna nan, ga matar Baffanku Iro, ƙanen mahaifinku wanda ke zaune tare da ita, ga kuma tsofaffi daga dangin marigayi kakanku, waɗanda a gabansu Dada ko tari ba ta cika yi ba. Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Mahaifinku ya cire takalmi, ya miƙo mini kyamarar don kada ta faɗo daga aljihu in ya sunkuya, ya durƙusa can nesa aka yi gaisuwa mai tsawo, ya hanya, ya aka baro su, ya gajiya, ita tana amsa wa katanga. Sai ya matso da gwiwa don ya ajiye mata gorar zamzam a gabanta, domin wannan ba abin da za a ba wani ya miƙa ba ne. Daidai nan wata akuya da ta daɗe tana harin ƙullin dabino ta faɗo tsakaninsu, ta cafki ledar ta ja. Shi ya riƙe gefe ɗaya, Dada ta riƙe ɗaya, akuya ta ƙi saki. Leda ta yage, dabino ya watse. Su biyun suka fashe da dariya a tare, kansu kusa da juna, haƙorin Makkansa na walƙiya. Tun da na shigo gidan nan amarya ban taɓa ganin haka ba. Hannuna ne ya danna kafin in yi shawara.

Hoton ya fito tas, ko girgiza babu. Na nuna wa matar Iro, ta yi guɗa, kafin ka ce me kyamara ta fita hannuna tana yawo tsakanin mata. Kowa ta leƙa sai ta riƙe baki.

“La ila! Ku zo ku ga Dada da ɗanta!”

“Kamar an tsaga kara. Dubi hancin, dubi goshin.”

“Ashe Dada ta iya dariya da mutumin Mahwara.”

Har tsofaffin nan aka miƙa wa, suka leƙa suna murmushi. Da ta iso gaban Dada, ta yi mata kallo ɗaya, na ga idonta ya tsaya a kai, sannan ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

“Wanga wane irin rashin ta ido na? A ɗebe man abin ga. A ƙone shi.”

“Ba a ƙonewa, Dada,” in ji wata mai kauɗi, “gogewa aka yi.”

“To a goge.”

Ku fahimci wannan da kyau, domin a nan komai ya karkace. Duk macen da ke tsakar gidan nan ta san Dada ba haka take nufi ba. Magana ce ta kunnen mutane. Uwa ta ce a ƙone, sai a ce to, a ɗauke abin daga gabanta, wata ta sa a ƙasan akwati, bayan an kwana biyu a ajiye mata a inda za ta tsinta ba tare da an ce ga shi ba. Haka ake yi tun kafin a haife ni, kuma da hoton takarda ne da haka za a yi. Amma wannan ba takarda ba ce, kuma ta faɗa hannun mahaifinku, mutumin da tun da ya yi wayo bai taɓa jin umarni ya fito daga bakin uwarsa zuwa gare shi kai tsaye ba sai ran nan. Kunya ta rufe shi shi ma, ga baffanninsa na kallo. Na ga babban yatsansa ya nufi kwandon nan. Na ce “Alhaji!” Na yunƙura, zanina ya harɗe ni. Abin ya yi masa tambayarsa ta Turanci, ya amsa.

“An goge, Dada,” ya ce, kansa a ƙasa.

“Madalla,” in ji ta.

Ta ci gaba da tsintar dabino. Ita a zatonta ladabi ya yi mata irin wanda aka saba, ya ce an goge don a rufe magana.

A hanyar dawowa ban bar shi ya sha iska ba. Tun daga ƙauyen har muka hau kwalta ina bayansa ina zuba.

“Kai dai Alhaji karatu kaɗai kas sani. Wa ac ce maka in uwa tac ce a goge, gogewa aka yi?”

“Ita tac ce.”

“Ita tac ce! Da tac ce ka hwaɗa rijiya hwa?”

Na ɗauka iska ta tafi da maganar. Can ya ce, “Na gane tun sa'ad da nid danna. In da rai, da Sallah sai ki sake ɗauka muna.”

“Akuyar ma za ka gayyato ta?”

Ya yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba.

Ba a kai Sallah ba. A farkon damina, ranar kasuwar Janbako, ya fita da safe zai duba wasu shanu da aka ce ciwon sammore ya kama. Kyamarar tana shagon caji, ya ce in aika a karɓo. Lokacin nan tare hanya bai zama ruwan dare ba tukuna, muna jin labarinsa ne daga nesa muna cewa Allah ya kyauta. Masu bindiga suka tare 'yan kasuwa a wani kwazazzabo, shi kuma ya faɗo cikinsu. Babur suke so, da sun tambaya ma zai ba su. Da la'asar aka kawo mana shi a bayan motar hatsi, an rufe shi da buhu. Ba zan tsawaita a nan ba, kuna wurin.

Abin da kika gani ran nan, Safiya, gaskiya ne kin gani. An ɗauko Dada, an yi masa wanka an shirya shi, aka ce ta shiga ta yi masa addu'a kafin a fita da shi. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ɗaga labule ba, ta ce, “Allah shi gahwarta mai,” ta juya. Ta koma cikin mata tana ba su haƙuri, tana tambayar ko an ba baƙin Bakura ruwa. Kina da shekarun da za ki gani, ba ki da waɗanda za ki gane. A wurinsu uwar da ta yi kuka kan ɗan fari a gaban mutane ta zubar da mutuncin gidansu har jikoki. Ni da na zauna kusa da ita na ga yadda ta damƙe gefen tabarma, da ta tashi sai da kabar wurin ta tsinke.

Ina cikin takaba, wata hantsi kuna makaranta, sai na ji sallamarta. Ita kaɗai ta zo, ta hau motar kasuwa, matar da ba ta taɓa tafiya ba rakiya ba. Muka gaisa, ta sha ruwa, ta yi zancen damina da tsadar gero, ta yi zancen ciwon ƙafarta. Sai da ta ga babu kowa a gidan sannan ta rage murya.

“Malama, abin nan na aljihu, shina nan?”

“Shina nan, Dada.”

“Hoton ran nan, na akuya. A wanko man. Ba don komi ba, akuyar ta nika son gani, ta mutu.”

Akuyar nan da ranta, na ganta da idona daga baya. Na tashi na ɗauko mata hoton mahaifinku da ke bangon ɗakinmu yanzu, wanda aka faɗaɗa daga na fasfo. Ta riƙe shi nesa da fuska, ta daɗe, ta miƙo mini.

“Wanga na gwamnati na. Bai yi kama da kowa ba.”

“Dada, wancan an goge shi. A gabanki anka goge.”

“Na sani an ce an goge. Ai baƙin shina ciki. Masu hoto ba su yad da baƙin.”

Na ce mata in na fita takaba zan kai wa masu abin su duba. Ta ce ba gaggawa, ta gyara mayafi, ta ce kada in faɗa wa Iro ta zo.

Tun rasuwar ban taɓa kunna kyamarar ba, tana cikin kwalla a ƙarƙashin gado, ko ganin igiyarta ba na so. Da na fita takaba na kai ta wani shagon hoto a nan Mafara, na yi wa mai shagon bayani. Ya zare ɗan katin da ke cikinta, bai fi farcen babban yatsa ba, ya sa a kwamfuta ya yi ta dube-dube. Ya ce da a ranar aka kawo, ko da ba a ɗauki komai a bayansa ba, da akwai dabarar da ake yi a dawo da shi. Amma katin ƙarami ne, an cika shi an rage an sake cikawa, sababbin hotuna sun hau gurbin wancan sun zauna. Na ce ya sake gwadawa. Ya sake. Na kai wani shagon a Gusau, magana ɗaya ce.

Mai shagon Mafara ne ya juyo mini da kwamfutar ya ce ko zan duba sauran, in zaɓi na wankewa. Na zauna ina kallo yana wucewa da su. Shanu, bakin saniya, kofaton saniya, ku biyu da kayan makaranta, shanu kuma. Sai ga wata tsohuwa daga nesa, ta ba da baya, tana tatsa. Na gaba ita ce tana shanya tsaba. Na gaba ita ce a sunkuye tana alwala. Ga ta tana korar kaji, ga ta tana ɗaure ɗan maraƙi, ga ta zaune tana kaɗa nono, wani da sanyi tana lulluɓe, wani da zafi. Ashe tun daga ranar akuya, duk sa'ad da aiki ya bi da shi ta wajen Gidan Goga sai ya ratse ya gaishe ta, in ta juya ya ɗauke ta a ɓoye. Ba su ƙirguwa. Ko ɗaya babu fuskarta, domin ba zai iya ɗaga abin ba tana kallonsa. Su ne suka hau gurbin wancan hoton. Na kifa kaina a teburin mutumin nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, har ya tashi ya ba ni wuri.

Na sa aka wanke su. Kafin in kai mata na nemi shawarar Baffanku Iro, domin abin ya fi ƙarfina ni kaɗai, na karya alkawarin da na yi mata na faɗa masa ta zo. Ya juya hotunan a hannu, idonsa ya kaɗa.

“Malama, ki ce mata abin ya lalace, ruwa ya shiga. Ta yi haƙuri ta manta. Wagga magana in tag gane ta, ba ta tashi.”

“In nic ce ya lalace, sai ta ce a kai gyara. Ta mutu tana jira.”

“Jira ya hi wanga sauƙi.”

Na kwana biyu ina juya maganarsa. Ba wauta ya faɗa ba. Amma na ga matar nan an hana ta ɗanta yana raye, kuma abin da ya rage nasa da ke nata shi ne waɗannan takardun, ban ga wanda ya ba ni ikon ɓoye su ba. Na yanke zan kai mata, in kuma faɗa mata gaskiya. Har yau ban san ko Iro ne ke da gaskiya ko ni ba, abin da na sani shi ne abin da ya biyo baya.

Na same ta a ɗaki da rana, na sakaya ƙofa. Na ce mata wancan hoton ya tafi, babu baƙi, babu mai iya dawo da shi, na je har Gusau. Na ajiye mata ƙullin a cinya. Ta ɗauki na farko ta kai shi wajen hasken ƙofa.

“Wagga wa ta?”

“Ke ta, Dada.”

Ta ɗauki na biyu, na uku. Ta gane zaninta, ta gane ƙwaryarta. Ta yi ta ɗagawa tana ajiyewa, hannunta na ƙara sauri, na san abin da take nema. Da ta kai na ƙarshe ta juya bayansa, ta leƙa cikin ledar.

“Duk ni ta. Shi hwa?”

“Shi ka ɗauka, Dada. Mai ɗauka ba shi hitowa.”

“Yaushe?”

“Duk zuwan da yay yi.”

Ina jin kaji a waje, ina jin matar Iro na daka. Na jira kuka, bai zo ba. Sai ta zaro ɗaya, wanda take tatsa, ta miƙe da kyar.

“Ina shike tsaye?”

Ban gane ba da farko. Ta fita, na bi ta. Ta sa ni na riƙe hoton muna kwatantawa da tsakar gidan, ga turken saniya, ga ƙofar ɗakinta ta hagu, ga reshen darbejiya ya shigo ta sama. Muka yi ta ja da baya har komai ya daidaita. Wani ɗan lungu ne tsakanin rumbu da katanga, inda yake jingine babur ɗinsa. Muka gwada wani hoton, nan ne. Muka gwada wani, nan ne dai. Ta shiga lungun ta tsaya, ta dubi ƙofar ɗakinta daga nan, ta daɗe tana kallo. Ta sunkuya ta shafa ƙasar wurin da tafin hannu. Sannan ta ce in je in ci abinci kada mota ta bar ni.

Zuwan da na yi bayan wannan, na iske ta sauya wurin zama. Ta ɗauke tabarmarta daga inuwa ta mayar inda rana ke dukanta, tana fuskantar rumbu. A nan take tsinta, a nan take kaɗi, a nan take lazimi. Ta hana a ɗaure dabba a lungun, ta hana a zuba itace, kullum da safe ita ke share shi da kanta. Matar Iro ta ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Na bar ta a haka.

Sauran kun san shi. Abin da muke ji daga nesa ya zo har ƙofa. Aka kore shanun ƙauyen, aka hana noma, gida bayan gida suka ɗaure kaya. Iro ya kwashe iyalinsa zuwa Maradun, ya yi da ita har da kuka ta ƙi. Ni na ɗauki shatar mota daga Mafara na tafi da kaina, na gyara mata ɗakin da Nura ke ciki yanzu, har na saya mata katifa. Na iske ƙauyen shiru, sai tsofaffi ƙalilan da ba su da inda za su. Tana zaune a tabarmarta, ta rame, ta sa zaninta na fita unguwa da kwalli a ido, alhali babu inda za ta.

“Dada, mota na waje. Jikokinki na jira. Don girman Allah ki tashi.”

“Ki gaishe su. Ki ce ina sa masu albarka.”

“Mi za ki ci nan? Wa za shi ɗebo maki ruwa? In sunka dawo hwa?”

“Su dawo. Mi za su ɗauka?”

Na durƙusa na riƙe ƙafarta. Na ce zan kwashe hotunan duka mu tafi da su, in tana so ma a haƙo ƙasar lungun a zuba a buhu. Direba yana ta danna oda, yana cewa shi ba zai kai azahar a nan ba. Ta zare ƙafarta a hankali. Ba ni take kallo ba, lungun take kallo.

“Malama, kin ga takardun nan. Duk bayana yag gani. Shekara da shekaru shina zuwa, ko sau guda ban juyo ba.”

“Dada, ya riga ya tahi.”

“Na sani. Ba hauka nika yi ba. Amma ba ni ƙara ba wurin ga baya.”

Na hau mota ni kaɗai da katifar a raina, na dawo na ce muku ta ƙi, ku kuma kuka ce kajinta ta fi so. Ban gyara muku ba a lokacin, domin sirrinta ne kuma tana raye. Da damina ta zagayo zazzaɓi ya kama ta, hanya ba ta biyuwa, sai bayan an binne ta labari ya iso mana. Tsohuwar da ta yi mata wanka ta riske ni a Maradun daga baya, ta ce a tabarmar nan suka same ta da hantsi, a jingine da turmi, ruwan sama ya jiƙa ta. Ta ce sun yi mamaki, domin ƙofar ɗakinta a buɗe take a bayanta, taku kaɗan ne ta shiga, amma ba ta juya ba.